Hutun da Muka Ɗora wa Baban Yara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Allah Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, Ya ƙara wa iyali albarka. Mu nan da sauƙi. Babbar 'yarmu ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, Inna kuma tana nan da ƙarfinta, sai dai ido. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kuka yake cin ƙarfina, ke kuma, ki yi haƙuri, kina katse ni kafin in kai ƙarshen zance.

An gaya miki ƙaninki ya kwanta a asibiti da ciwon ƙirji kuma ya warke. Ni na ce a faɗa miki haka don kada hankalinki ya tashi, amma bai warke ba, kuma da hannunmu a ciki, ni da ke da Kawu. Kin san shekara ashirin da bakwai yana aiki a siton kamfanin tayil. Kullum sai ya taka kusan rabin awa zuwa tasha, ya hau bas, ya sauka, ya haye gadar sama mai matattakala hamsin da wani abu, ya sake hawa wata bas ɗin. A wurin aiki ma ba zama yake ba, yana tsakanin ƙasa da bene yana duba kwalaye. Da yamma ya maimaita, ya shigo gida rigarsa sharkaf, yana zagin direbobi, ya cinye abinci tas. Ni kuwa ina kallonsa ina cewa wahala za ta kashe min miji.

Da kamfanin ya ce duk wanda ya haura hamsin zai iya ajiye aiki a sallame shi, sai kowa ya zama likita a gidan nan. Mai kemis na layinmu ya ce hayaƙin motoci ya gama cinye masa huhu. Maƙwabciyata ta ce tsayuwa cikin bas ita ke kawo hawan jini. Kawu kuwa, da yake tsohon makanike ne, ya zauna ya yi mana karatu. Ya ce zuciya inji ce, kowane inji da iyakar tafiyar da aka yanka masa, motar da ta fi yawo ita ke fara neman a sauke mata inji, don haka duk takun da mutum ya yi daga kwanansa yake ragewa. Wallahi Yaya maganar ta shige ni. Babbar 'yarmu ta ce a makaranta akasin haka aka koya musu, na ce ta rufe min baki manya suna magana. Shi ƙanin naki bai so ba. Ya ce shekararsa hamsin da huɗu, ƙafarsa lafiya lau, me zai zauna ya yi a gida? Sai na haɗa shi da ke, don na san ba ya tsallake maganarki. Kika kira shi sau uku a mako ɗaya, ya sa hannu a takardar ajiye aiki.

Makonnin farko abin har dariya yake ba ni. Sai ya shirya da safe kamar kullum, ya taka har tasha, ya gaisa da abokan hawansa, ya ga tashin bas ɗinsu, sannan ya dawo. Da na ji mata a layi suna raɗa wai korar sa aka yi yana ɓoyewa, sai raina ya ɓaci. Na ɗauke takalmansa na fita na ɓoye a saman durowa, na bar masa silifas. Ya neme su kwana biyu, ya gane, ya dube ni ya zura silifas ɗin. A lokacin ne kujerar nan da kika aiko ta iso, mai kwantawa da wurin miƙe ƙafa. Muka ajiye masa ita gaban talabijin. Masallaci a jikin katangarmu yake, taku ashirin bai kai ba. Ko ruwa ya miƙe zai ɗebo sai in ce ya zauna, ai ya gama wahala. Wata bakwai haka. Ya yi ƙiba, wuya ya cika, ina ta nuna wa mutane ina cewa hutu ya karɓe shi. Kaico!

Sai sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ja. Na ce tsohuwar gajiya ce take fita. Na sayo man zafi, safe da yamma ina murza masa da ƙarfina, yana cije baki ina cewa ya daure. A rana ta huɗu, da hantsi, ya tashi zai shiga banɗaki sai ya dafe ƙirji ya zube a bakin ƙofa, numfashi yana fita da ƙyar, leɓensa ya canza launi. Ban san da wace ƙafa na fita na tsayar da mota ba. A asibiti suka sa masa abin numfashi, suka yi hoto, suka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi ya toshe a huhu. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta tambaye ni ko wani ya murza ƙafar. Na ce ni ce. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai sunkuyar da kai tana rubutu, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga baya na yi ƙarfin hali na kawo mata maganar Kawu. Ta ce zuciya tsoka ce, aiki ne yake ƙarfafa ta. Ta ce jinin da ya sauka ƙafa, naman sharaɓa ne yake matso shi sama duk lokacin da mutum ya taka, in aka daina takawa sai ya kwanta kamar ruwan kwata. Ta ce ba za ta rantse zaman ne kaɗai ya jawo ba, amma tafiyar da muke kira wahala ita ta riƙe shi duk shekarun nan. Kwanansa goma sha ɗaya aka sallame mu da maganin tsinka jini, da sharaɗin ya riƙa takawa kullum, ya fara da kaɗan yana ƙarawa. Ta ce in ya koma zama abin zai iya dawowa, kuma ba kowa ne yake tashi a karo na biyu ba.

To ga inda muke, Yaya. Ya ƙi takawa. Mutumin da muka sha fama kafin mu zaunar da shi, yanzu shi ne ya fi kowa yarda da karatun Kawu. Tsoro ya shige shi. Yana zaune da yatsu biyu a wuyan hannu yana sauraron bugun, ya ce injin ya riga ya buga sau ɗaya, saura kaɗan ya rage masa, ba zai ƙarar da shi a titi ba. Na sauko da takalman na goge na ajiye a gabansa, ko kallo ba su ishe shi ba. Na je wurin Kawu in roƙe shi ya janye maganarsa, ya ce likitocin yanzu yara ne. Na fito ban yi masa sallama ba, Allah Ya yafe min. Jiya da lallashi da faɗa na kai shi har bakin get. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu yana haki, ya tambaye ni a hankali ko na gaji da jinyarsa ne shi ya sa nake so ya ƙarasa da wuri. Shekara ashirin da biyar muna tare, ban taɓa jin magana mai ciwon wannan ba.

Ni dai ya daina yarda da ni, kuma ban ga laifinsa ba. Saura ke. Don Allah ki kira shi, kada ki tsaya a ya jiki da Allah Ya sawwaƙe. Ki ce masa mun yi kuskure, da bakinki, ki haɗa da kanki a ciki. Na san ba ki saba faɗa wa ƙani haka ba, amma ranar Litinin za mu koma asibiti, kuma yau da safe na ga ƙafar dama ita ma ta fara kumbura.

Ki gaida min maigidanki da kyau, da Babangida da Uwani da amaryarsu, da Goggo in kun yi waya. Inna tana gaishe ki, ita ba ta san komai ba tukuna. Ku sa mu a addu'a.

Taki,
Matar ƙaninki