Sun Cire Wa Kekena Sarƙa

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya zaman Kwatano, yaya Hadiza da yara? Mu nan unguwar Zariya lafiya lau, in dai zaman tabarma lafiya ne.

Na ga hotonka bisa keke a bakin teku. Wallahi sai da na kife wayar.

Ka san hanyar burjin nan ta Jiratawa da ke bin gefen Gulbi. Kwanan baya ina dawowa daga gona bisa kekena, tayar gaba ta zame a tsakuwa, na faɗi. Gwiwa kawai na kuje, amma labari ya riga ni gida, wai tsoho ya karye. Washegari yaron nan nawa Habu ya cire wa keken sarƙa ya ɓoye, ya jingine shi a zaure.

Yanzu in zan fita sai ya kira mini ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, shi kuwa gudu yake kamar an koro shi. Muka wuce masu albasa ban ce musu sannu ba. Mai shayin da ke kan kwana ya ɗago mini hannu, ni ina fama da hula. Na daina fita. Ni da keken muna zaure muna kallon juna.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. In za ka zo da salla kada ka kawo mini shadda, ba ni da wurin zuwa da ita. Sarƙar keke nake so, kuma a hannuna za ka danƙa ta, ba hannun Habu ba.

Yayanka,
Idi