Dutsen da Kika Zo da Shi

Inna,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga 'yarki Asabe, a nan gida Haɗeja. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma, in Baba ya zaunar da mu yana koya mana ajami, cewa kike a bar ki da niƙanki, ke baƙin nan duk tururuwa kike gani. To yau tururuwar ta yi rana. Bakina cike yake da labari, kuma ban ga wanda ya kamata ya fara ji ba sai ke.

Gida lafiya lau. Ruwan bara ya cika fadama har gindin tsamiyar nan da kike shanya, shinkafa ta yi kyau, kifi kuwa sai da muka gaji da banda. Maƙwabciyarki Ya Falmata tana nan, haƙora sun ƙare amma bakin bai ƙare ba. Jikarki Uwani, takwararki, ta zama budurwa, an sa mata rana da ɗan gidan masuntan nan na bakin gulbi. Ita ta ce shi take so, kuma yaron ba shi da laifi sai yawan kunya.

Ana cikin shirin nan ne dutsen niƙanki ya karye. Da ma tsakiyarsa ta sirance, ina niƙa gero da hantsi sai na ji ƙas, uwar dutsen ta rabe biyu, aka bar ni da ɗan dutsen a hannu. Wallahi, Inna, kukan da na yi ranar ya kusa na ranar da kika tafi. Ba ke kika ce a gidanku mace ba ta tarewa sai da dutsen da aka faso daga babban dutsen bayan gida ba? Ba ke kika ɗora hannun Uwani a kai, tun tana tatata, kika ce nata ne ba? Ga biki ya matso, ga dutse a karye. Da me zan kai ta ɗaki?

Kin san ƙasarmu. Ko tsakuwar da za a jefi kaza babu, sai hoge. Rairayi ne da laka da ruwa iyakar ganin ido, dutsen niƙa ma sai fatake sun kawo a bayan jaki. Shi ya sa in kika ce a garinku akwai dutsen da ya fi ganuwar Haɗeja tsawo, har da wani goye a bayansa, mata ke kwashewa da dariya a bakin rijiya. Ya Falmata ta kan ce wa zai iya ɗora dutse kan dutse, kuma wace mata ce za ta niƙa da shi? Ke kuwa sai ki yi murmushi, ki ɗauki tulunki. Ban taɓa gaya miki ba, amma ni tun ina ƙarama dutsen nan yake zuwa mini a mafarki. Kuma waƙar niƙan nan taki, wadda kike lissafa ƙasashen da kika ratso da aka kawo ki amarya, na haddace ta tsaf. Ina tsinke ganye ne kamar ba na ji, alhali kunnena yana wajenki.

Da ruwa ya janye, surukinki ya fara ɗaure kifin banda zai bi ayari kudu kamar kullum, sai na ce da ni za a tafi. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce sunan garin ma me ne? Na ce Gindin Dutse. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ƙasashen can in ka wuce ƙauye biyu na uku sunansa Gindin Dutse. Na ce to ina da waƙa, ina da ɗan dutse. Kin san halina, naki na ɗauko. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai ƙara wajen yayarsa, daga ƙarshe dai shi ya ɗaura mini shimfiɗa a kan jaki. Muka bar Uwani wajen Ya Falmata.

Waƙarki da ruwa take ƙarewa, don haka ni daga ƙarshe na fara, ina komawa baya. Inna, ashe fadamar tamu ma ban san ta ba. Ban taɓa yin nisan da zan waiwayo in gan ta gaba ɗaya ba. Bado ya rufe tabkuna fari fat, dinya da kirinjijiya in suka tashi sai rana ta dushe, ga gauraka suna taku kamar masu sarauta. Na ce a raina, yanzu duk wannan namu ne muke zaune muna kukan sauro?

Bayan Miga ƙasa ta fara tashi, muka shiga jigayi, jakuna suna nutsewa cikin rairayi suna tsaki. Daga nan sai dabino. Kin ce a waƙarki akwai garin da dabino ke tsaye tsakanin duwatsu, to shi ne Dutse, a ƙasar Kano. A nan na fara ganin babban dutse da idona. Da na hango shi daga nesa na ɗauka hadari ne ya haɗo, har na ce da surukinki mu nemi mafaka. 'Yan ayari suka yi ta tsokanata da shi har muka rabu. Da muka iso na sauka, na je na dafa shi da tafin hannu. Zafi rau.

A can na nemi masu fasa dutse, na kwance bakin zane na nuna musu ɗan dutsenki. Suka jujjuya shi, wani ya tofa masa yawu ya goge don launin ya fito. Suka ce ba nasu ba ne, nasu ya fi haske, wannan mai ja da baƙin ɗigo sai gaba. Haka muka ƙetare wani kogi mai faɗi da ya koma rairayi, ruwan iya idon sawu, muka shiga ƙasar Katagum, muka isa Shira inda duwatsu suka kewaye gari, birai suna zaune a kai suna kallon kasuwa. Nan ma aka ce ba nasu ba ne, a yi kudu.

A nan ne na fara karaya, ba zan ɓoye miki ba. Ƙafafuna sun kumbura, kifin ya kusa ƙarewa, ayari kuma ba zai tsaya jiran mace da dutsenta ba. Mun riga mun wuce ƙauyuka masu suna Gindin Dutse har na daina lissafi, ko'ina in na ambaci sunanki da na mahaifinki sai a girgiza kai. Na tuna shekarun yaƙi da suka toshe hanya, suka hana ki komawa gida ko sau ɗaya. Idan garin ya tashi fa? Idan ba wanda ya rage da ya san an taɓa yin ki? Surukinki ya ce ga duwatsu nan a kasuwa masu kyau, mu saya wa Uwani ɗaya mu juya, wa zai gane? Na ce ni zan gane. Bai ƙara magana ba, sai ya bar ayari ya bi ni. Allah Ya saka masa, Inna, ba ki yi zaɓen banza ba.

Ƙasar Bauchi daban ce. Ƙasa ja, ɗorawa da kaɗanya ko'ina, iska mai sanyi tana gangarowa daga tsauni. Ruwansu ba ya kwanciya kamar namu, gudu yake yana ƙara a kan falalen dutse, garai-garai har kana ganin 'yan kifaye a ƙasa. Na sha sai da haƙorana suka yi tsami. Waƙarki ta ce rafi mai surutu, ni kuwa da can ina mamakin yadda ruwa zai yi surutu. Saura baiti ɗaya ya rage mini, na farkon, na dutse mai goyo.

Da la'asar muka karyo wata kwana sai ga shi. Ƙato, ja-ja, da wani zaune a gadon bayansa ya ɗan karkata, kamar yaron da ya yi barci a goye. Inna, da Ya Falmata tana kusa da na ja ta da kunne.

A gindinsa muka tarar da mutane suna aiki. Wuta suke hurawa a kan dutsen har ya yi zafi, su kwara masa ruwa ya tsage, sannan su yi ta dandatsa da ƙarfe. Aka nuna mana wani tsoho siriri a inuwa, wai shi ne babbansu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ɗan dutsen ban ce komai ba, don na gaji da faɗin sunanki ana girgiza mini kai. Ya karɓa da dama, ya juya, sai ya mai da shi hagu. Na ga babban yatsansa ya faɗa cikin ɗan ramin nan na gefe. Kin tuna yadda nake mita cewa ramin nan ba ya zauna mini a hannu? Ashe ba lalacewa ba ce. Shi ya sassaƙa shi, aikinsa na farko yana saurayi, don yayarsa bahaguwa ce kuma za a kai ta ƙasar da babu dutse.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce: “Ke 'yar Amina ce. Tana raye?”

Ya ga hawaye na bin fuskata, bai sake tambaya ba. Ƙanenki ne, Inna, Dauda, wanda kike cewa ya bi jakin amarya da gudu yana kuka har rafi. Furfura ta cinye shi, amma goshin naku ɗaya ne. Kafin magariba gidan ya cika. Tsofaffin mata suna shafa fuskata suna cewa ga hancinki, ga wushiryarki. Wata ta ce ke kika koya mata kitso. Ba a manta da ke ba, ko kaɗan.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya. Suka ce in ba su labarin ƙasar da kika zauna. Na ce a wajenmu babu dutse ko na jifa, in damina ta yi ruwa yakan shafe daji har sai da jirgi, kuma maza kan kwanta a kan ƙaton gora su yi ta yawo bisa ruwa suna kamun kifi. Inna, suka fashe da dariya. Wata ta ce kai, 'yar Amina akwai zuƙi, mutum a kan gora sai ka ce ƙuda? Na buɗe baki zan rantse, sai kawai na ji ina murmushi irin naki na bakin rijiya. A ranar na san abin da kika haɗiye shekara da shekaru, na kuma san ba haushi ba ne, kewa ce.

Kawu Dauda da kansa ya zaɓi inda za a faso wa Uwani sabon dutse, kusa da gurbin da aka ciri naki, don har yanzu ana gane wurin. Ya hana kowa taɓa na Uwani, shi ya dandatsa shi da hannunsa. Da muka tashi tahowa sai ga shi da sanda da buta, wai zai zo ya ga mutum a kan gora da idonsa, in ƙarya ce ya dawo ya ba da labari. 'Ya'yansa suka yi ta hana shi. Kin dai san jinin gidanku.

Yana nan tare da mu yanzu. Kullum da safe yana bakin gulbi, ya kafa sanda ya ɗora haɓa, yana kallon masunta yana salati. Shi da Ya Falmata kuwa ba a raba su, ita tana musun dutse, shi yana rantse-rantse. Ya ce in kaka ta yi zai tafi da ita ta gani, ta ce in dai a kan jaki ne a kai kasuwa. Ya ce jikokinsa za su riƙa zuwa da duwatsu suna komawa da kifi, hanya ta buɗe ke nan. Shamuwa ta iso shekaranjiya, biki saura kaɗan. Uwani ta gwada dutsenta, ƙararsa irin ta naki ce sak, har na fito daga ɗaki da sauri ban san na fito ba. Na fara koya mata waƙar, na ƙara mata baiti na dawowa.

Jiya Kawu ya ce a kai shi inda kike kwance. Ni mace ce, ban je ba, surukinki ne ya raka shi. Kafin su fita ya roƙe ni ɗan dutsen nan naki, na ba shi. Surukinki ya ce da suka isa ya yi miki addu'a mai tsawo, sannan ya cire katangar fasasshiyar tukunyar da aka sa alama, wadda ruwa ya riga ya cinye, ya kafa dutsen a wajen kanki, ya danna shi da hannun hagu. Duk maƙabartar nan, Inna, ke kaɗai ce mai dutse, kuma na bayan gidanku ne.

Ki huta lafiya. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da iyayenki, mu kuma Ya sada mu da ke cikin rahama.

'Yarki da ta je ta gani,
Asabe