Turmin Mama Doose

Yaya Bukar,

Gaisuwa mai yawa daga nan Doha, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Bilkis da yara? Ni lafiya lau nake. Kafaɗar nan ce kawai take ɗan damuna in na ɗaga rodi a wurin gini. Kada ka gaya wa Inna.

A bakin wani direba ɗan Adogi na ji wai Mama Doose mai sakwara ta rasu tun da damina. Kullum muna waya, amma ba wanda ya faɗa mini. Na san dalili. Har yau kunya kuke ji a ce aikina na farko dakan doya ne a rumfarta ta bakin tasha. Ina tasowa daga makaranta in ɗau taɓarya, kai kuma ka zo wucewa da abokanka ka kau da kai, wai namiji da aikin mata. Ita kuwa sai ta kankaro mini na gindin turmi, ta zuba miyar agushi, ta ce, "Ci, yarona, taɓarya ba ya son mai yunwa."

An ce an rushe rumfar, 'yarta Ngumimi tana sayar da abinci a cikin rana, ba inuwa. Shagon ƙofar gidana na Akurba, wanda ka ce za ka sa POS a ciki, ka kai wa Ngumimi makullinsa. Ba shawara nake nema ba. Hannun nan nawa da ya gina ɗakin da kake kwana a ciki, a turmin uwarta ya yi ƙwari.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Ashemi