Kar Ka Hayo, Na Janye Maganata

Zuwa ga Yaya Shu'ibu na Auyo, sanyin idona, ruwan randata ran da rana ta ƙwalle, furen badona mai tasowa bisa ruwa da sassafe!

Sallama da gaisuwa. Yakubu, na san kai za ka karanta wa abokin naka, to ka karanta ban da dariya. Ka san a izu biyar na ajiye allo.

Yaya, kogi ya hau. Tun shekaranjiya duk Haɗeja ba a wata magana sai tasa: ya taso, ya ƙaru, ya cika, ya tumbatsa. Tsohuwa Yakaka maƙwabciyarmu ta ce rabonta da ganin irin wannan tashi tun tana goyon fari. Kowa ya faɗa, sai ka faɗo mini a rai.

Ka tuna ranar da muka tsaya a mashaya, gindin tsamiyar nan? Ni da bakin nan nawa da ba ya hutawa, na nuna maka reshenta na ƙasa na ce in ruwa ya taɓa shi ba ka dawo ka gan ni ba, to son naka na fatar baki ne. Wasa fa nake! Wallahi wasa nake, don kawai in ga ka ɓata fuska. Kai kuwa ka dafa ƙirji ka rantse da Allah za ka zo, ko da a kan gora za ka hayo kogin. Na yi ta dariya. Wayyo ni, me ya ba ni dariya?

Yau da hantsi na je na auna. Saura taƙi ɗaya! Bala mai fito ya ce wannan ce hayewarsa ta ƙarshe, daga kai maka takardar nan zai ja kwalekwalensa tudu. Bala ke nan fa, da aka haifa kan ruwa. Kai kuwa na san ka, ɗan taurin kai, na san kana can kana ɗaure bakin gora. Ka ga yadda ruwan ke tafe da tushen itatuwa yana juya su kamar tsinke? Kai shinkafar fadama ce, da ruwa na hawa tana hawa tare da shi? Kai mutum ne, hasken gidana, numfashi ɗaya gare ka, shi ma rabinsa nawa ne.

Ka kwashi Inna da awakinku ku hau tudu. In abokanka sun ce mace ta hana ka, ka ce e, Huseina ce, su zo su same ni.

Rantsuwar ma na tambayo. Na cire kunya na je wurin matar Liman, ta shiga ta tambayo mini: mutum goma za ka ciyar, shi ke nan ka fita. Ka aiko da geron in ruwa ya janye. Ni zan surfa, ni zan daka, ni zan tuƙa, in kai wa mabukata goma da hannuna, tun da bakina ya jawo.

Na fi son in yi wata uku ina hangen hayaƙin garinku yana tashi daga nan, in san kana ƙarƙashinsa da ranka. Kar ka hayo, Yaya. Don Allah, don Annabi, kar ka hayo.

Taka ce, ko ka zo da kaka ko sai da rani,
Huseina