Hutun da Ya Hana Binne Kamal

Laraba, 22 ga Oktoba, 2025
Kamal ya rasu. Gidaɗo, abokin karatunsa a Budapest ta ƙasar Hangari, shi ya kira ni ina bakin aiki a asibiti. Zuciya ce, wai yanke jiki ya yi ya faɗi. Ɗana tilo. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Tun sassafe na bar unguwarmu ta Al Qusais a nan Dubai zuwa neman bizar Hangari, na tarar da ofishin a garƙame. Wai ranar hutun ƙasarsu ce. Can Budapest ma haka, babu mai sa hannu a saki gawa, gobe ma an haɗa ta da hutun. "Mama, wallahi ko'ina closed, sai Monday," in ji Gidaɗo yana kuka. Mu da muke kai mamacin safe makwancinsa kafin azahar. Yarona yana cikin firji, su suna yawo da tuta a titi. Na tsani ƙasar nan, kuma ba zan janye ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Najiba, abokiyar zamana a gidan haya, ta dama kunu. "Khalas, ya isa haka, Wasila, sha ko kurɓi ɗaya." Na kasa. Bara Kamal ya turo min hoton bikin hutun nan nasu, tutoci masu huji a tsakiya, ya ce in zo mu gani tare. Na ce masa sai baɗi.

Asabar, 25 ga Oktoba
Tsohuwar da Kamal yake haya a gidanta ta nace sai ta yi min gaisuwa ta waya, Gidaɗo yana yi mana tafinta. Ban raga mata ba. Na ce wane irin biki ne zai hana a binne mutum?

Ta ce a 1956 ɗalibai suka fito suna ƙin mulkin Sobiyat, aka murƙushe su da tankokin yaƙi. Yayanta yana ciki. Daga baya aka rataye shi, aka turbuɗe shi a ƙarshen maƙabarta ba ko suna. Sai bayan shekara talatin da wani abu suka san ramin, lokacin uwarsu ta daɗe da mutuwa. "'Yata, na san jira," ta ce.

Na kashe wayar. Nawa ɗan ne a cikin sanyi yanzu, ba nata ba.

Litinin, 27 ga Oktoba
Sun sa hannu. Biza shiru. Na ce kada a jira ni.

Talata, 28 ga Oktoba
An binne shi a can, a ɓangaren Musulmi na maƙabartarsu. Ta waya na kalla, ina zaune a kan sallaya. Ana saka shi hoton ya daskare. Ko ƙasar da ta rufe shi ban taɓa takawa ba, abin da ke cina ke nan.

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Ashe jiya ma ranar hutunsu ce, ta ziyarar kaburbura, kowa yana kunna wa mamatansa kyandir. Tsohuwar ta shiga bas da sandarta, ta je wajen yayanta, daga nan ta lallaɓa har wajen Kamal. Ta share busassun ganye, ta ajiye masa kyandir a cikin kwalba. Da safe Gidaɗo ya tarar yana ci, ya turo hoto. "Mama, ba al'adarmu ba ce. In cire?"

Na sani sarai. Addu'a ce take isa gare shi, ba wuta ba. Na ce zan kira shi in na tashi daga aiki.

Tun azahar na tashi, har yanzu ban kira shi ba. Kyandir dai ai da kansa yake ƙarewa.