Karen Tsoho Ya Ƙi Cin Abinci

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidanki. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ni ma lafiyata lau, sai dai zuciya.

Yaya, tsohon nan da aka kawo ni in riƙa kula da shi ya rasu. Ya bar wani gajeren kare mai furfura a baki, yana ce masa Sarkin Kwaɗayi. Kin san ni da kare, ko inuwarsa ba na so. To tun ranar da aka fita da Tsoho, karen nan ya daina ci. Ɗan Tsoho ya kai shi wurin likitan dabbobi, wai karnuka ma likita gare su a nan. Likita ya ce ba ciwo ba ne, amma in ya ci gaba a haka gara a yi masa allurar barcin da ba a tashi.

Aka aike ni kanti in zaɓo masa abinci. Yaya, layi guda cur na karnuka ne! Na buhu, na gwangwani, na tsofaffi, har da biskit mai siffar ƙashi. Ni da ba karatun kirki ba, sai na riƙa duba hoto, na ɗauko wanda karen jikinsa ya yi kama da namu. Mai kantin ta yi dariya, ta ce ai ba ɗan'uwansa nake nema masa ba, ta canza mini mai laushi saboda haƙoransa. Na zuba a kwano, ko shinshinawa bai yi ba. Ya je ƙarƙashin tebur ya kwanta.

Ina goge teburin ne abin ya faɗo mini. Hannun Tsoho rawa yake yi, rabin abincinsa ƙasa yake zuba, karen yana ƙafarsa yana tsinta, shi kuma yana yi masa faɗa wai ɓarawo. Ban taɓa ganin karen ya ci a kwano ba. Kada ki yi mini dariya. Na zauna a kujerar Tsoho, na ɗebi abincin a cokali, na riƙa karkarwa da hannu yana zuba, na ce masa ɓarawo. Ya ci, Yaya. Ya cinye tas. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ga ba Tsoho ba ne, ya koma ya kwanta. Na yi kuka har na gaji.

Yanzu haka muke yi safe da yamma, an fasa allurar. Amma duk lokacin da na girgiza hannun nan, hannun Baba nake gani. Wa yake zama da shi in yana cin abinci? Don Allah in ya zubar kada a yi saurin ɗauke kwanon.

Ki gaida Baba, da Kawu, da Gwaggo, da Auta mai rigima.

Taki ƙanwar da ke kewarku.