Wurin Gidanmu a Ƙarƙashin Karagar Waliyyi

San Sebastian, Kusko
Watan Yuni

Zuwa ga Yayana Nemesio,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da tumakin da kake kiwo a can duwatsun Amurka. Allah ya tsare ka daga sanyi da kaɗaici, ya sa ka gama wa'adinka lafiya, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan gida alhamdu lillahi. Inna tana nan yadda ka san ta, bakinta bai mutu ba. Matarka Bernardina ta samu dankali mai kyau a gonar tudu bana, har ta shanya na ajiya. 'Yarka Zoila kuma ta fara famfara, tana yawo da giɓi tana cewa a faɗa wa babanta ya sayo mata sababbin haƙora a can. Wajen Baba ne ake da magana, kuma dominta na ɗauki biro, don ba irin wadda ake yi ba ce ta wayar nan taka da ke yankewa tun ba a gama gaisuwa ba.

Ka tuna ranar da muka raka ka tasha, ka dafa kafaɗata ka ce, "Hipolito, na bar maka wurin gidanmu, kada ka ba ni kunya." Ni kuwa da bakina mai zaƙi na ce ka tafi hankali kwance, ko Waliyyi ya ƙara ƙiba ni zan ɗauke shi. Har Baba ya yi dariya. Na san abin da kake nufi sarai: itacen gaba na hagu a karagar da ake ɗaukar mutum-mutumin San Sebastian, Waliyyin unguwarmu, wanda Kaka ya ɗauka ya bar wa Baba, Baba ya sakar maka ranar da likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Alƙawari kaya ne, Yaya, ni kuwa na ɗauke shi kamar hula.

Ranar Laraba, jajiberin bikin Korpus da ake tara waliyyan unguwanni a babban coci, na yi abin da ya kamata. Na tuɓe takalmi tare da kowa, muka sa kafaɗa muka shigo da Waliyyi gari tun daga unguwa, har muka riga mutanen San Jeronimo isa, muna yi musu ba'a cewa nasu waliyyin tsufa ya kama shi. Amma da yamma da na kwanta, kafaɗata ta kumbura kamar an soka mata gora, tafin ƙafata kuwa duk ƙujewa da bororo. Ƙafar da ta saba da safa ce, ba irin taka ba. Ana cikin haka mai kamfanin da nake yi wa rakiyar baƙi ya kira ni, ya ce gobe Alhamis akwai ayarin Turawa, an kama musu bene a gidan cin abinci mai kallon babban dandali, ni zan tsaya da su in yi musu bayani. Ya ce wanda ya ƙi aikin Korpus kada ya zo neman na bikin Rana da ke tafe, lokacin da baƙi suka fi yawa. Ba zan ɗora masa laifi ba, shi kasuwarsa yake. Da na ce a'a, da wataƙila ya yi fushi ya huce. Gaskiyar ita ce na ji daɗin samun hujja, domin kafaɗata ba ta son komawa ƙarƙashin itacen nan. Sai na lallaɓa na roƙi abokina Fidel direban tasi, ƙato ne ka san shi, ya tsaya a madadina. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Kawu Siriako ba, shi da yake shugaban masu ɗauka. Na ce a raina wa zai lura da kafaɗa ɗaya cikin wannan taro. Na so in tauna taura biyu ne.

Abin da ya faru a ƙofar coci daga bakin Inna na ji shi daga baya, kuma ba ta rage mini ko ƙwaya ba. Wai Fidel na sa kafaɗa Kawu Siriako ya riƙo hannunsa ya ce, "Kai ɗan wane gida ne? Karagar Waliyyi ba tasi ba ce da kowa zai buɗe ya shiga." Ya ce wurin na gidanmu ne, gidan Huillca, in babu jinin Huillca a tsaye, ga 'ya'yan gidan Sutta nan sun daɗe suna jiran gurbi. Baba yana gefe ya zo kallo da rigarsa ta coci. Sai ya sunkuya ya cire takalman tayarsa ya miƙa wa Inna. Ta ce, "Zenon, kai da likita ya hana ɗaukar ko buhun masara?" Ya ce, "Buhun masara ya ce, bai ce Waliyyi ba." Ta ce to shiga, in ka mutu a ƙarƙashi ni ba zan yi kuka ba. Ta faɗa tana kuka.

Ni a lokacin ina bene, na sha farar riga, ina zuba Turanci kamar a can aka yanke mini cibiya. Waliyyai na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa wa baƙina sunan kowanne da unguwarsa, suna ta ɗaukar hoto suna ɗanɗana ciriyucu, abincin bikin, da ƙarshen cokali, suna ture gasasshen kuy, ɓeran kiwon nan namu, gefe. Sai ga namu ya ɓullo, ɗaure a bishiyarsa da kibau a jiki, karagar tana rangaji, masu busa na biye. Na duba itacen gaba na hagu don in ga Fidel, sai na ga furfura. Yaya, na san wuyan nan ko a cikin mutum dubu. Ya karkace kai, jijiyoyi sun tashi, bakinsa a buɗe yana neman iska, ƙafafunsa tsirara a kan duwatsun dandali.

Wata dattijuwa cikin baƙin, mai kirki ce wallahi, ta jawo hoton Baba kusa a na'urarta, ta nuna mini ta ce in dubi fuskar tsohon nan, ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta tambaye ni ko biyan su ake yi. Na ce a'a, alwashi ne da gado. Sai ta ce ko na san shi. Ga abin da ya sa na kasa barci tun ranar, kuma ban faɗa wa kowa ba sai kai, ko Fada, limamin cocinmu, ban iya faɗa wa ba. Na ce mata, "Irinsu suna da yawa a ƙauyukan nan." Haka na ce. Ba wanda ya tilasta ni. Kunya na ji in ce uban mai farar riga ne ke ƙasa ba takalmi, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce, to kai me kake yi a nan sama.

Ban rufe baki ba gwiwarsa ta lanƙwashe, daidai kwanar da ake juyawa wajen matakalar babban coci. Karagar ta sunkuyo ta hagu, bishiyar ta girgiza, dandalin gaba ɗaya ya ɗauki addu'a da ihu. Allah ya sa na bayansa sun tokare, wani matashin gidan Sutta ya faɗa gurbin da sauri, Waliyyi bai taɓa ƙasa ba. Amma itacen ya riga ya sauka a kan Baba kafin a janye shi. Na bar baƙin a tsaye na sauko da gudu, sai dai ka san dandali ranar Korpus, ko allura ba ta samun wurin faɗuwa. Kafin in ratsa har an ɗora shi a tasin Fidel.

A asibiti aka ce ƙashin kafaɗa ya karye, kuma a shekarunsa ko ya haɗe hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Zuciyar dai ta jure, mun gode Allah. Ina shiga ɗakin Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, ku ba da kujera, ga Baturen gidanmu ya iso. Ranka ya daɗe, a kawo shayi ko kofi?" Na so ta ci gaba, na so ma ta mare ni, da na samu sauƙi. Baba ne ya ɗaga mata ɗayan hannun ya ce ta ƙyale yaro. Ya ce in matso. Na durƙusa a bakin gado ina jiran faɗa, sai ya ce, "Ai na hango ka a bene kana nuna mu da hannu. Har na ce wa na kusa da ni, ga ɗana can, yana gaya wa Turawa ko mu su wane ne." Yana faɗa yana murmushi. Na sa fuskata a bargonsa na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro, shi kuma yana shafa kaina yana zaton tausayin kafaɗarsa ne kawai.

Da sati ya zagayo, ranar da ake fito da waliyyai kowa ya kama hanyar unguwarsa, na je ƙofar coci tun da safe ba takalmi. Mai kamfani ya kira ban ɗauka ba, kuma har yau bai sake kira ba, wannan ba abin da za ka damu da shi ba ne. Kawu Siriako ya kalli ƙafafuna ya ce, "Yau babu Turawa ne?" Ya hana ni itacen. Ya nuna mini bencin da ake ɗora karaga in za a huta, wanda 'yan koyo ke ɗauka, ya ce in ina son bin Waliyyi gida ga aikina nan. Haka na ɗauko shi tun daga gari har unguwa, da gemuna, mata na leƙowa ta taga suna cewa ɗan Zenon ya koma aji ɗaya. Ban ji haushi ba. Shi ne ma abu na farko da ya ɗan sanyaya mini rai. Ɗan gidan Sutta ne ya riƙe itacenmu a ranar, kuma in faɗi gaskiya, ya riƙe shi da kyau.

To, yanzu ga inda magana ta tsaya. Masu ɗauka sun zauna bayan biki. Wasu sun ce gidan da ya kusa kayar da Waliyyi a gaban duniya ya sauka kawai. Kawu Siriako ya ce a'a, wurin ba na Hipolito ba ne balle a ƙwace a hannunsa, na Nemesio ne, aro ya bayar. Saboda haka kai za ka yanke. In ka ce in ci gaba da riƙe maka har ka dawo, za su bar ni, da sharaɗin in yi shekara ina ɗaukar benci a kowace fita. In ka ce ba ka amince da ni ba, ɗan gidan Sutta zai riƙe, kuma kai ma ka san wanda ya shiga gurbi ba a cika fitar da shi ba. Suna jiran kalmarka kafin bikin unguwa na watan Janairu.

Baba ne ya sa ni rubuta wannan takarda. Yana nan zaune a tsakar gida yana shan hantsi, hannu a rataye, yana tauna ganyen koka mai kashe gajiya da ɗaya gefen baki. Abin da ya ce in rubuta maka shi ne, ƙanenka ya ɗauki Waliyyi tun daga farko har ƙarshe kamar namiji, shi Baba kuma tsautsayi ne ya same shi, santsi ya kwashe shi a bakin famfo. Ya ce Kawu Siriako ba zai tona ba, ya riga ya roƙe shi, Inna da Bernardina ma ya sa sun yi alƙawari. Ya ce, "Yayanka yana can shi kaɗai da tumaki, kada a aika masa da abin da zai ci shi. In ya ji gaskiya zai yi fushi ya ba da wurin, ku kuma ku rabu, ni kuwa kafaɗa ɗaya na rasa, ba na son in rasa 'ya'ya biyu." Na ce to, Baba. Ɗazu ma ya leƙo ya tambaye ni ko na kai wurin famfon, na ce saura kaɗan.

Ka ga ke nan na sake saɓa masa. Amma na ƙi shi sau ɗaya a gaban baƙi don in rufa wa kaina asiri, ba zan bari ya kwanta a kan karyayyar kafaɗa ya rufa mini na biyu ba. In ka bar mini wurin, ina so ka bar mini shi kana sane da wanda ka bar wa. In ka hana ni, wallahi ba zan ga laifinka ba, zan ci gaba da ɗaukar bencina a bayan ɗan gidan Sutta. Na ci amanarka, Yaya, na kuma ji kunya, kuma ina neman gafararka ko da ba yanzu ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hular da ta saƙa maka ko da abokan aikinka za su yi dariya. Bernardina da Zoila suna gaishe ka da kewa mai yawa, haka ma Gwaggo Eulalia da Kawu Siriako. Ka gaishe mana da ɗan Baffa, Fortunato, in kun haɗu a wajen kiwo, ka ce masa mahaifiyarsa ta warke sarai. Abu ɗaya nake roƙo. Ran da ka samu waya ta shiga, ka fara neman Baba, ka yi masa sannu da santsin famfo, ka ce ya riƙa kula da inda yake taka ƙafa. Ka bar shi ya ji daɗin cewa ya rufa wa ɗansa asiri. In kun gama sai ka ce a ba ni, zan fita da wayar bayan gida, in tsaya in ji duk abin da za ka faɗa.

Ka huta lafiya.

Ni ne ƙanenka,
Hipolito Huillca